Ƙofar Baya

Tanimu ya zo da jaka ɗaya, ba tsani, ba guduma.
Bai huda bango ba, bai ja igiyar wuta ko taƙi ɗaya ba.
Ya zaro wasu farare biyu, ba su kai dabino girma ba,
ya manna ɗaya a ƙyaure, ɗaya a bango dab da shi.

Ya ce, "Anti, wannan maganaɗisu ne, wancan mai jin sa.
Muddin suna kafaɗa da kafaɗa, shiru za ki ji.
Aka raba su, ko da faɗin yatsa biyu,
sai ƙaramin ya kai ƙara."

Na ce wa zai kai wa?
Ya ɗora wani akwati kamar gidan sabulu a kan firji.
"Ga uwarsu. Ta iska suke gaisawa.
Akwai layin waya a cikinta,
in an ɗauke wuta batir ya riƙe ta.
Ita za ta neme ki duk inda kike."

A kusurwar falo ya kafa ido guda.
Ba ya sanin fuska, in ji shi,
ɗumin jiki kawai yake ji idan ya gifta.
Na ce kyanwarmu fa?
Ya yi dariya. "Na koya masa ya raina kyanwa."

Yana naɗe jakarsa ya tambaya,
ko ɓarayi sun dame ku ne a nan Bukuru?
Na ce a'a, na miƙa masa kuɗinsa.
Ban gaya masa ba
cewa ƙofarmu daga ciki ake buɗe ta.

Baba ya shekara talatin yana wankin kuza.
Kamfanin ya tashi tun ina goye,
ramukan suka cika da koren ruwa
wanda ba ya mayar da abin da aka ba shi.
Agogon da ke kan Baba ne bai sami labari ba.
Ƙarfe uku na dare yake tashi,
ya zura takalmin roba a ƙafa ɗaya,
ya ɗauki kwano,
kada heluma ya yanke masa kwana.

Ni kuwa ƙarfe uku ina asibiti
ina sauya wa uban wasu ledar ruwa.

Daren Laraba wayar ta girgiza a aljihun farar rigata.
An gifta ta falo.
Kafin in ajiye allura, ga na biyu:
Ƙofar baya a buɗe.
Uku da minti sha biyu.

Na kira Kaneng, maƙwabciyarmu.
Ba ta ce komai ba, ƙarar sakatarta kawai na ji.
Ta fita cikin sanyin nan mai cizon kunne,
zane ɗaya, tocila ɗaya,
ta cim masa a shingen ƙerana,
saura gona biyu ya kai bakin ruwa.

Ta ce, "Baba, ina zuwa? Ai yau Lahadi."
Ya tsaya.
Ya ce, "Lahadi? Shi ya sa ban ji ƙararrawa ba."
Ya ba ta kwanon ta riƙe masa, suka juyo.

Allah ya yafe mata wannan Lahadin,
ya rubuta shi a nawa littafin.

Na'urar ta san an buɗe ƙofa, ta san ƙarfe nawa.
Ba ta san wace shekara ya fita nema ba.
Tanimu ya ce bayan damina biyu a sauya batir,
na rubuta a bayan kalanda,
na daɗe ina kallon rubutun.

Da safe na dawo, na same shi yana shan koko.
Ya dube ni, ya gyara zama,
ya ce, "Sannu, likita. Wa kike nema?"

Na je na tura ƙyauren a hankali
har fararen nan biyu suka koma kafaɗa da kafaɗa,
sannan na zo na cire masa takalmin.